Badamasi Rewaya da Motar Karare

Duk direban da ke bin hanyoyin daji tsakanin Batsari da Safana ya san bakin Badamasi Rewaya, kuma da wuya ka sami wanda bai sha nasa rabon ba. Ba ashar yake yi ba, Allah ya tsare shi da wannan. Nasa ya fi ashar ciwo. Zai ɗaga bonet, ya leƙa, ya ɗago kai ya dube ka tun daga hula har silifa, sannan ya ce, "Wa ya yi wanga aiki, kai ko akuyarku?" Mutum ya tafi yana rantsuwa ya bar zuwa wurinsa har abada. Ranar da motarsa ta ƙi tashi kuwa, sai ka gan shi ya dawo gindin dalbejiyar nan ta bayan tasha yana sosa ƙeya.

Aikinsa gyaran wutar mota: batir, fitilu, hon, da tarin wayoyin nan da ba wanda ke tunawa da su sai sun yi gardama. Ɗan Babban Duhu ne ta ƙasar Safana, daga gidan manoma. Ubansa ya so ya riƙe masa shanun huɗa, shi kuwa ba abin da ke ɗauke masa hankali sai cikin tocila da cikin rediyo. Rediyon gidansu ya sha fiɗa a hannunsa har ya gaji ya daina magana. Da uban ya ga ba riba, sai ya tura shi Katsina wurin wani ɗan'uwansu mai gareji. Da aka yaye shi bai zauna birni ba. Cewa ya yi motocin birni sangartattu ne, kwalta kawai suka sani, shi motar da ke shan wuya yake so. Ya zo Batsari ya ajiye benci da akwatin ƙarfe, ya auri Ramlat, ya tara iyali, furfura ta same shi a nan.

Motocin da yake so ɗin su ne tsofaffin a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ke shiga inda ba hanya sai sawun shanu, su fito da gero da dawa da gyaɗa, mutane na zaune bisa buhuna. Yana gyara yana wa'azi, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A ɗaure batir tamau, don hanyar daji ba ta iya lallashi ba. Kada waya ta kwanta kan ƙarfe mai kaifi ba a sa mata roba ba. Wanda ya ɗauko takin zamani ya wanke bayan motarsa, taki na cin waya yadda gara ke cin zana. Fiyus kuwa in ya ƙone, wanda duk ya naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari kada ya ƙara yi masa sallama. "Fiyus mutuwa ya yi don motarka ta rayu," in ji shi, "kai kuma ka je ka sa wanda ba ya mutuwa. To, motar ce za ta mutu a madadinsa."

Sai shekarun wahala suka zo. 'Yan bindiga suka cika daji, gonakin nesa suka koma saura, ƙauyuka suka riƙa zubowa cikin gari da tabarmi da tukwane. Har aka yi lokacin da aka rufe layin waya, in motarka ta tsaya a daji ba ka da wanda za ka kira sai Allah. Direbobi da yawa suka rataye makulli. Aikin Badamasi ya ragu, nauyinsa ya ƙaru. Da, in gyaransa bai riƙe ba, yini ɗaya mutum zai yi asara. Yanzu kuwa rai ne. Shi kansa ya daina fita bayan gari. Tsoro yake ji, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba.

Cikin 'yan kaɗan da ba su ajiye tuƙi ba akwai Surajo, mutumin Karare, magidanci mai sanyin hali da ƙarancin magana. Motarsa na kwana ƙofar gidansu, da safe ya kwaso mutane da hatsi ya kawo Batsari, da la'asar ya koma. Bakuna da yawa ke jiran motar nan: mahaifiyarsa Inna Hansatu, matarsa da 'ya'yansa, ga kuma marayun wansa Muntaka, wanda aka harbe a gona ƙarshen damina. Kaka ta yi, kowa na son ya fid da abin da ya noma kafin a zo a kwashe ko a cinna masa wuta.

A tsakiyar wannan ne motar ta ɗauko wani hali. Akwai wani mashigin rafi tsakanin Karare da Batsari, busasshe a wannan lokaci, mai duhuwar itatuwa gefe da gefe, inda kowa ke daina hira in an iso. Da zarar ta gangara ta fara haurawa, sai wuta ta ɗauke ɗif, injin ya mutu. Surajo ya yi ta murɗa makulli, ya jijjiga wayoyi, can sai ta ga dama ta tashi. Abin mamaki, da la'asar ba ta taɓa yi ba. Ranar da ta kwana Batsari ma lafiya lau take wucewa. Fasinjoji suka yanke hukunci tun kafin a tambaye su: mutanen ɓoye ne na rafin.

"Aljanin da ke aiki da safe shi tashi da azahar," in ji Badamasi, "wanga ma'aikacin gwamnati ne."

Aka yi dariya, amma shi abin bai ba shi dariya ba. Ya sake fiyus. Ta ƙara yi. Ya sake makunni, ya goge kan batir, ya bi wayoyi da fitilar gwaji ɗaya bayan ɗaya. A gindin dalbejiya motar ba ta da laifi ko kaɗan, tana taɓawa tana tashi. Kowane gyara sai ya ce da Surajo, "Tahi, ta warke." Kowace safiya kuma sai ya zauna yana kallon hanya, kokon da Ramlat ta aiko masa ya huce a gefe.

Wata ranar kasuwa hantsi ya yi, rana ta take, babu motar Karare. Sai gab da azahar ta shigo, mutanen da ke bayanta ba mai magana. Wata mata ta sauko ta zube ƙasa tana kuka. Surajo ya fito ya zauna bisa bencin ba sallama.

"Ta mutu a rahi, Oga," ya ce. "Muna nan sai muka ji babura, da yawa, can yamma da mu. Mata suka toshe bakin ɗiyansu. Na murɗa, na murɗa, shiru. Allah ne dai ya sa ba hanyarmu suka biyo ba." Ya ɗago ido jajawur. "Ka ce mani ta warke."

Kunya da tsoro suka kama Badamasi. Ya tashi ya ɗauki sukundireba, ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje. Akwatin fiyus na nan kusa da gwiwar direba, ya duba fuskarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan karon kwance shi ya yi gaba ɗaya daga jikin motar, ya juya bayansa. Sai ga wani baƙin abu ya lulluɓe ƙarafan da wayoyi ke kamawa, ya yi kauri, yana danƙo. Ba mai ba ne, ba kuma ƙuna ba ce. Ya bi sawunsa sama da yatsa, har ya kai ga wata 'yar huda da tsatsa ta ci, daidai ƙasan gilashin gaba, cikin kwararon da ruwan sama ke bi. To, amma rabon da a yi ruwa an daɗe.

Ya shinshina. Ya ɗan taɓa a harshe. Ba ɗan Musulmin ƙasar nan da zai ɗanɗani tawadar gawayi da ƙaro ya kasa ganewa.

"Surajo, wa ke zuba wa motarka rubutu?"

Surajo ya ce Inna ce. Tun bayan rasuwar wansa, kullum sai ta karɓo rubutun tsari wurin liman. Shi ya sha, ya shafa, saura kuma ta fita da kanta ta zuba a gilashin mota, ta shafe shi da hannu kamar mai wanke wa jinjiri fuska.

Nan komai ya fito fili. Rubutun ya gangara ya kwanta a kwararo. Mota na tafe a miƙe yana nan abinsa. Da ta ɗaga hanci za ta haura rafi, sai ya koma baya ya sami hudar, ya ɗiga a bayan akwatin. Ruwan sama in ya shiga, bushewa yake yi ya tafi. Wannan kuwa ƙaro ya manne shi, gawayi kuma wuta na bin sa. Kafin la'asar rana ta busar da shi, shi ya sa ba ta yi a komowa.

"To, ka gaya mata ta bari," in ji Badamasi. "Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, Oga." Muryar Surajo ta yi ƙasa. "Abin nan shi kaɗai ke sa ta bar ni in hita. In na ce mata hannunta ne ya tsai da mu yau a rahi, wallahi ba ta ƙara tashi. Ɗaya ya tahi, yanzu in ce mata ita ta kusa kai na biyu?"

Badamasi ya daɗe yana juya akwatin a hannu. Mutumin da ya saba gaya wa kowa laifinsa a gaban jama'a, yau ga laifi ƙiri-ƙiri, amma ba mai laifi. Ya ce, "Bar mani ita."

Ya wanke ƙarafan nan tas, ya yanke wayoyin da suka ruɓe ya sa sabbi. Ya ɗaga akwatin ya mai da shi can sama inda ko an yi ambaliya ba zai jiƙe ba, ya yi masa riga da robar tsohon tub na cikin taya. Ya kai wa mai walda ya toshe hudar, sannan ya sa ɗan tiyo a ƙarshen kwararon, ya sauko da shi ta bayan taya, don duk abin da aka zuba ya fice waje. Ya ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har ya yi wa Ramlat alfahari da ita: tsohuwa ta yi ta zuba abinta, mota ta yi ta tafiya, ba wanda ya ji kunya.

Kwana biyu mota na zuwa lafiya. Rana ta gaba ba ta zo ba. Sai saƙo a bakin wani mai acaɓa: Surajo ya ce a gaya wa Oga mota ƙalau take, Inna ce ta ɗauke makulli ta ƙulle a bakin zaninta.

Badamasi ya gane kuskurensa tun kafin mutumin ya gama magana. Ya ɗauki rubutu tamkar ruwan wanki, ya yi masa hanya zuwa ƙasa. Tsohuwa ta zuba, ta ga ayar Allah na ɗiga a turɓaya inda kaji da awaki ke takawa. Da can motar na shanyewa, yanzu tana tofarwa. Me kake so ta ce? Ya kwana yana juyi. Da gari ya waye ya sa filaya da 'yar waya da wata ƙaramar jarka a aljihun babbar riga, ya ce da Ramlat ta yi masa addu'a, ya hau bayan mai acaɓan nan. Har suka isa Karare bakinsa bai daina salati ba. Da suka zo mashigin rafin kuwa rufe ido ya yi, bai kuma ji kunyar faɗa daga baya ba.

Ya tarar da motar an lafta mata buhunan gero, masu kaya na zaune jugum a inuwa. Surajo ya shiga da shi zaure. Inna Hansatu ta fito, 'yar siririyar tsohuwa mai kaifin ido, da kwanon rubutun safiyar a hannu ba a taɓa ba. Badamasi ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Haƙuri sai ma'abuci. Ya iyali, ya masu jiki?"

Aka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka yi wa mamaci addu'a. Ko a addu'ar ba ta kama sunan Muntaka ba, ɗan fari ne, "wancan" take cewa. Sannan ta ajiye kwanon tsakaninsu.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, Inna."

"Tun da ka taɓa ta, ta bar karɓa. Kuma tun da ta bar karɓa, ta bar mutuwa a rahi." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni tsohuwa ce, ba wawuya ba ce. Wanga yaro ya ƙi hwaɗa mani. An ce kai ba ka ɓoye magana. Hannuna ne ya tsai da su rannan?"

Surajo ya yi masa wani kallo na roƙo. Badamasi ya ga kallon sarai. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ba kuma wanda zai zarge shi. Amma ya duba fuskar matar nan ya san in ya yi mata ƙarya za ta gane, in kuma ta gane, ba za ta ƙara yarda da gyaransa ba, makullin nan ba zai fito ba.

"Ruwan naki ne, Inna, ban ɓoye maki," ya ce a hankali. "Amma ƙohwar da ya bi, tsatsa ce ta buɗe ta. Neman irin wagga ƙohwa kau aikina ne, ba naki ba. Ke kin yi abin da uwa ke yi. Ni motar nan ta zo hannuna ta koma, ta zo ta koma, ban gani ba. In akwai wanda za a tambaya ranar gobe, ni ne."

Hawaye suka biyo kumatunta, ba ta share ba. Surajo ya sunkuyar da kai.

"Da an kashe su," ta ce.

"Ba a kashe su ba. Kina roƙo, Wanda kike roƙo kuma ya ji. Baburan ba su biyo hanyar ba." Ya gyara durƙuso. "Sai kuma laihina na biyu, na zub da ayar Allah ƙasa. Shi ne na zo in gyara, in kin ba ni izini."

Ta tashi ta bi shi waje. Ya ɗaga bonet, ya jawo bakin tiyon ya cusa a ƙaramar jarkar nan, ya ɗaure ta da waya a wani lungu nesa da zafin inji da duk wata wayar wuta. Ya girgiza ta da ƙarfi ya ga ba ta motsi. Ya ce ta zuba. Ta yi bisimilla ta zuba rabi a gilas, ta shafe da tafin hannu yadda ta saba. Suka tsaya kai da kai, shi da ita, suna kallon baƙin ruwan na ɗiga cikin jarka.

"Duk abin da kika zuba, da shi za ya tahi, da shi za ya komo," in ji Badamasi. "Da marece ya miƙo maki abinki."

Ta leƙa ƙarƙashin motar. Ƙasa a bushe. Sannan ta kwance bakin zani ta miƙa wa Surajo makulli ba tare da ta dube shi ba.

Masu kaya suka haye. Surajo ya ce Oga ya shigo gaba, Badamasi ya ce su tafi, mai acaɓa zai mai da shi. Bai iya barin tsohuwar nan ita kaɗai a wannan safiyar ba. Suka zauna bisa dakali, ita a gefe guda, shi a ƙasa-ƙasa. Salansar motar a fashe take, ana jin ta daga nesa. Suka bi ƙarar da kunne tana raguwa, tana raguwa. Can ta nutse, alamar ta gangara rafi. Shiru. Leɓɓan tsohuwa na motsi ba sauti.

Sai ga gurnani ya taso daga can, mai nauyi, irin na motar da ke haurawa da lodi. Bai yanke ba. Ya yi ta tafiya har ya ɓace.

"Ya haye," in ji Inna Hansatu.

"Ya haye, Inna."

Ta sauke numfashi, ta share fuska da gefen mayafi. Sannan ta jawo kwanon, da sauran rabin rubutun a ciki.

"Miƙo hannuwanka."

Ya miƙa, baƙaƙe, duk sun tsattsage da ƙunar batir. Ta zuba masa a tafi a hankali, ta tare da kwanon daga ƙasa don kada ko ɗigo ya faɗi.

"Su ne ke shiga motocin ɗiyan mutane," ta ce. "Allah shi tsare su, shi tsare mai su. Na gode da ba ka yi mani ƙarya ba."

Badamasi ya kai hannuwan fuska ya shafa, ya daɗe bai sauke su ba.